Lisa Carrington, Gwanar Kama Ruwa Da Filafili

Kwale-kwalen tsere na mutum ɗaya, wanda ake kira kayak, tsawonsa ba ya wuce mita 5.2, nauyinsa ba ya gaza kilo 12, faɗinsa kuwa da ƙyar yake ɗaukar ƙugun mai shi. Wanda bai saba ba, kafin ya ɗaga filafili ya riga ya kife. A cikin irin wannan ɗan siririn jirgi, wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci da abokan tuƙi, Lisa Carrington 'yar ƙasar New Zealand ta ci lambobin zinare 8 a gasar Olamfik, adadin da ya kamo na Birgit Fischer ta Jamus.

An haife ta a Tauranga a 1989, ta tashi a Ohope, wani ƙaramin gari a bakin teku, kuma tana da jinin ƙabilar Maori. A ƙungiyar masu ceton mutane a teku ta koyi tuƙi, inda igiyar ruwa ke koya wa yaro zama daram a kan abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga baya ta koma ruwa mai kwanciya, ta haɗu da koci Gordon Walker, wanda suka yi shekara da shekaru tare.

Mai kallo daga nesa zai rantse aikin damtse ne. Ba haka ba ne. Ƙarfin daga ƙafa yake tasowa. A cikin jirgin akwai matokari. In za ta tsoma filafili ta dama, sai ta tokare matokarin da ƙafar dama, ƙugu ya juya a kan kujera, gadon baya ya bi, hannu kuwa aikinsa isar da saƙo kawai. Filafilin mai baki biyu ne, kowane baki a lanƙwashe kamar fiffike, don ya riƙe ruwa kada ya sulluɓe. Gwanaye ba sa ture ruwa baya. Kafa filafilin suke yi a wuri ɗaya, su ja jirgin ya wuce shi, kamar yadda mai fito ke kafa gora a ƙasan kogi ya tura kwale-kwalensa. Bambancin dai shi ne babu ƙasa a nan, ruwan ne kansa dole ya zama abin tokara. Da bakin filafilin ya iso daidai ƙugu sai a fizge shi waje, domin in ya wuce nan ruwa zai riƙa ɗagawa sama, jirgi ya yi nauyi. Duk wannan ana maimaita shi fiye da sau 120 a minti ɗaya, ga kuma yatsun ƙafa suna sarrafa abin juya akalar jirgi don kada ya bar layinsa.

A nan ne Carrington ta sha bamban. A tseren mita 200, wanda ake gamawa cikin kimanin daƙiƙa 40, kusan kowa yakan fara rikicewa a mita 50 na ƙarshe: kafaɗa ta ɗaure, filafili ya shiga ruwa rabi-rabi, hancin jirgi ya riƙa rawa. Ita kuwa tsomawarta ta ƙarshe tana kama da ta farko. Da wannan ta ci gasar duniya a Szeged ta ƙasar Hungary a 2011, ta ci zinaren Olamfik a Landan a 2012, ta sake ci a Rio a 2016 tare da tagulla a mita 500.

Ranar 3 ga Agusta, 2021, a Tokyo, ta shiga tsere huɗu cikin 'yan sa'o'i, ta fito da zinare biyu: na mita 200 ita kaɗai, da na mita 500 tare da Caitlin Regal. Bayan kwana biyu ta ƙara na uku.

Sai aka cire tseren mita 200 na kayak daga Olamfik, wato aka rushe mata gidan da ta fi ƙarfi a ciki. Wata da ta ce to, Allah ya yi, ta ajiye filafili. Mita 500 wani ilimi ne daban, domin ba a zuba ƙarfi duka tun farko, sai an san inda za a adana da inda za a kashe. Jirgin mutum huɗu ya fi wuya ma, don filafili huɗu dole su taɓa ruwa tamkar hannu ɗaya ne ya riƙe su; in ɗaya ta makara da ƙiftawar ido, jirgi ya karkace, ƙarfin sauran ya tafi a banza. A Paris a 2024, tana da shekara 35, ta zauna a gaba tana ba Alicia Hoskin da Olivia Brett da Tara Vaughan kari, suka ci zinare. Ta sake ci tare da Hoskin. A tseren mutum ɗaya Tamara Csipes ta Hungary ta fara yi mata gaba, amma ba ta firgita ba, ta kamo ta, ta wuce, ta gama a minti 1 da daƙiƙa 47.36.

A ganina wannan zinare na ƙarshe ya fi sauran nauyi, domin ta ci shi ne a tseren da ba da shi ta yi suna ba. Babu wani ɗan New Zealand, mace ko namiji, da ya tara lambobin Olamfik kamar nata.