Jinjina ga masu koyar da ɗaga ƙarfe a unguwa

A lungunan Kano da Kaduna akwai bayin Allah da suka cancanci yabo, wato masu koya wa samari ɗaga ƙarfe. Kayan aikinsu siminti ne da aka cika gwangwanaye biyu da shi, aka soka bututun ƙarfe a tsakani, sai bencin katako.

Gwanintarsu tana wajen tarbar sabon shiga. Yaro zai zo yana ɗokin ɗaukar mafi nauyi, oga ya miƙa masa sanda zalla. Sai ya iya tsayuwa, bayansa a miƙe, ya san lokacin jan numfashi da sakinsa, sannan a ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan. Ya ɗaga sau 8 zuwa 12, ya huta, ya sake. Tsokar da ta sha aiki yau a bar ta gobe, domin da hutu take ginuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su riƙa ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Waɗannan ogogi suna dasa ɗabi'ar tun ƙuruciya, mutum ya tsufa da ƙwarin ƙashi. Allah ya saka musu da alheri.