Jan numfashi ba ya rage tarin fayil

In kana aikin albashi, da wuya ba a taɓa ba ka wannan shawarar ba: aiki ya yi maka yawa? To ka ja dogon numfashi, ka kwanta da wuri, ka riƙa tattaki, ka sauke manhajar kwantar da hankali a wayarka. Ban ce ƙarya ce ba. Barci da motsa jiki suna yi wa jiki amfani ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yadda ake miƙa maka ita tamkar ita ce maganin duka, har in ba ta yi maka aiki ba ka koma zargin kanka.

A 2024, William Fleming na Jami'ar Oxford ya wallafa nazari a kan ma'aikata 46,336 daga ma'aikatu 233 a Birtaniya. Ya kwatanta waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shiryen, wato horon juriya, darussan natsuwa da manhajoji, da waɗanda ba su shiga ba. Bai ga alamar masu shigan sun fi sauran kwanciyar hankali ba. Aikin sa kai na taimakon jama'a ne kaɗai ya fita daban.

Amma kada ka yi saurin ɗauka. Nazarin na da rauninsa: hoto ɗaya ya ɗauka, bai bi mutanen ya ga yadda suke kafin shirin da bayansa ba. Wanda ya fi jin jiki kuwa shi ya fi saurin rubuta sunansa, kamar yadda marar lafiya ne ke cika asibiti. Don haka ba za a ce shirye-shiryen ba su da amfani sam ba. Iyaka dai hujjar masu tallata su ba ta kai yawan surutunsu ba.

Inda hujja ta fi nauyi shi ne tsarin aikin kansa. Tun 1985 ake bibiyar ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a Landan, a binciken Whitehall na biyu da Michael Marmot ya jagoranta. An gano cewa waɗanda ba su da ta-cewa kan yadda za su tafiyar da aikinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon zuciya ya kusan ninka na masu iko da nasu. Ka lura, ba manyan oga da ake ganin sun fi ɗaukar nauyi ba ne suka fi shan wuya, na ƙasa ne. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta fayyace ƙarewar kuzari saboda aiki a 2019, ta ɗaura ta ne ga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba.

Yanzu ɗauki ma'aikaciyar jinya da ta kwana ita kaɗai a kan marasa lafiya cike da ɗaki, da safe a kira ta taron bita kan sarrafa damuwa. Awa biyun nan ma daga barcinta aka yanko su.

Ka yi barcinka, ka yi tattakinka, ni ma ina yi. Amma ranar da aka kira irin wannan taron a ofishinku, ka ɗaga hannu ka tambaya: wa ke tsara jadawalin aiki, kuma yaushe za a cike guraben waɗanda suka tafi?