Tsohuwar na'ura, muryar wa?

Kamfanin Sony ya daina ƙera PlayStation 2 tun farkon 2013, amma na'urar ba ta mutu ba. A Tasawa ko Mayahi, yaro kan biya ƴan kuɗinsa a rumfar wasa domin ya buga ƙwallo a kanta. Abin tambaya, da harshen wa ake yi masa sharhin wasan?

A Brazil, cikin 2007, Allan Jefferson, mai gidan wasa a Mogi Mirim, ya ɗauki Pro Evolution Soccer 6 na Konami ya yi masa kwaskwarima: ƙungiyoyin ƙasarsa da rigunansu, sharhi da Fotugis, da waƙoƙin da unguwa ke saurare. Shi ake kira Bomba Patch. Aikin bai rasa aibi ba. Hotunan sun tsufa, izinin Konami ma ba a nema ba. Sai dai ɗan Brazil ya ji kansa a ciki.

A ƙasar Maraɗi kuwa, yaron Barcelona yake zaɓa ko Chelsea, alhali Mena ta halarci gasar cin kofin Afirka a 2012. Gangar filin kokowa ta isa ta maye gurbin kiɗan buɗewa. Kayan aikin ba su wuce kwamfuta guda ba, da mai haƙurin naɗar sharhi da Hausa, jimla bayan jimla.