Baƙo a Gidan Dangin Wani: Nazari a kan Zuwan Dorugu Birnin Hamburg

Daga cikin labaran tafiya da aka rubuta da Hausar boko, wanda aka fi sani da daɗewa shi ne na Dorugu, wanda Rabaran J. F. Schön ya ɗauka daga bakinsa a Ingila, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Masana sun daɗe suna haƙar wannan labari, amma galibi abu biyu suke nema. Masu ilmin harshe suna bin tsofaffin kalmomi da ginin jimla, masu tarihi kuwa suna neman shaidar bauta da hanyoyin ayari. Sashen da ya shafi Turai akan wuce shi da murmushi, a ce ai yaro ne ya ga abin mamaki. Nufin wannan takarda shi ne a tsaya a kan zango guda na wannan sashe, watau zuwansa Hamburg, babbar tashar jiragen ruwa ta Jamus, a duba irin ma'aunin da ya kamata a auna shi da shi.

Ya kamata mu fara tuna wa mai karatu yadda aka yi yaron Damagaram ya sami kansa a bakin kogin Elbe. An haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance, wajen 1840. Yana ƙarami aka kama shi bauta, aka kai shi Barno, har ya faɗa hannun Adolf Overweg, wanda mutanen Kukawa suke kira Tabib, shi kuwa ya 'yanta shi tare da Abbega, wani yaro Margi. Da Overweg ya rasu a gaɓar tafkin Chadi cikin Satumba 1852, sai yaran suka koma wajen abokin tafiyarsa Heinrich Barth, watau Abdulkarim. Da shi suka je Tambutu a 1853, suka komo Barno, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, sa'an nan suka bi ta Malta da Faransa, suka shiga Landan ran 6 ga Satumba 1855. Bayan 'yan makonni Barth ya ɗauke su zuwa Hamburg, garin da aka haife shi a 1821, domin ya gaida mahaifinsa da 'yan'uwansa, ya kuma huta bayan fiye da shekara biyar a ƙasashenmu.

A nan ne darajar labarin ta fara bayyana. Barth ya rubuta tafiyarsa cikin manyan littattafai 5, waɗanda suka fito a 1857 da 1858, amma ya rufe su da isowarsa Landan. Komawa gida ba ta cikin abin da gwamnatin Ingila ta aike shi, saboda haka bai ga dalilin sa ta a littafi ba. Inda maigida ya ajiye alƙalami, nan yaronsa ya ci gaba. Shekara da shekaru Abdulkarim yana shiga gidajen mutane a Kano da Katsina da Sakkwato yana rubuta abin da ya gani, ga shi yanzu an juya, Bahaushe ne ya shiga gidan su Abdulkarim yana kallo.

To, wanda ya buɗe labarin yana neman awon tashar jiragen ruwa, ko tarihin gine-gine, ko lissafin kayan da ake saukewa, lalle zai rufe shi hannu banza. Kuma ba don babu abin gani ba ne. Hamburg ta 1855 gari ne mai cin gashin kansa, da majalisarsa, gama ba a haɗe Jamus ta zama ƙasa ɗaya ba sai 1871. Gobarar watan Mayu 1842 ta cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsakiyar birnin, saboda haka baƙon da ya zo bayan shekara 13 sabon gari zai tarar, ana ma kan gina babbar majami'ar Nikolai, wadda ba a gama ba sai 1874. Garin yana da nisan kamar kilomita 100 daga bakin teku, jirage kan hawo kogi su tsaya a ɗaure jikin turaku a cikin ruwa, ƙananan kwale-kwale suna kwashe kaya, don ba a buɗe matsaya irin ta zamani ba sai 1866. Kamfanin jiragen da ke kwasar masu ƙaura zuwa Amurka an kafa shi tun 1847. Har ma akwai abin da ya shafi aljihun Bahaushe kai tsaye: attajiran wannan gari, irin su gidan O'Swald, su ne a waɗannan shekaru suke ɗebo wuri daga Zanzibar suna saukewa a Ikko, wurin da ya yi ta kwarara cikin kasuwannin Afirka ta Yamma har darajarsa ta zube. Barth da kansa ya rubuta cewa a Kano a 1851 wuri 2,500 ake ba da shi a kan riyal guda. Watau yaron ya ratsa ɗaya daga cikin bakunan rijiyar da ake ɗebo kuɗin ƙasarsa, labarinsa kuwa bai bi ta nan ba.

Masu ganin wannan kasawa ce, a ganina, sun ɗauko mudun wata kasuwa ne. Ma'auninsu na littattafan jagorar matafiya ne, irin na Murray da Baedeker, waɗanda suka yaɗu a Turai tun wajen 1830 zuwa 1840, inda gari yake nufin jerin abubuwan kallo, kowanne da shekararsa da tsawonsa. Wannan kallo na mai kuɗi ne da ya fita hutu don ganin dama, ya san ranar komawarsa. Matafiyin Hausa na wancan zamani ba haka ya san gari ba. Fatake in sun isa Gwanja ko Tarabulus, abin da za su fara nema shi ne mai masauki. Shi zai ba su ɗaki, ya aiko da abinci, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu in rigima ta taso, ya raka su ranar sallama. In an tambayi falke labarin gari, da sunan mai masaukinsa zai fara, sa'an nan ruwan garin da abincinsa da halin mutanensa. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, in ji masu iya magana, maigida ne sandarsa. Da wannan tsari Dorugu ya ba da labarin Kukawa da Tambutu, kuma bai sake shi ba da ya hau jirgin ruwa. Wa ya karɓe mu, me aka ba mu, yaya suke zama, yaushe muka tashi, su ne turakun labarinsa tun daga farko har ƙarshe.

Shaidar cewa ba rashin ido ne ya hana shi ba tana cikin littafin. Sashen da ya fi shahara a ɓangaren Turai shi ne bayanin liyafar cin abinci a gidan Ingilishi, inda ya bi al'amarin daki-daki, yadda ake shiga, yadda maza da mata suke zama, yadda ake kawo abinci bi da bi. Duk wanda ya karanta wurin ya san mai magana ya iya tsayawa ya ƙura ido. Sai dai abin da yake tsayar da shi mutane ne da ladubbansu. Dutse da katako ba su cika riƙe shi ba.

Akwai kuma wani abu mai nauyi da ya kamata malami ya lura da shi. Ziyarar Hamburg zumunci ce, zumunta kuwa a ƙafa take, amma ƙafar ta Dorugu ce, dangin na wani. Labarin ya fara ne da gidansu, da mahaifinsa manomi kuma makaɗi, da yadda hari ya watsa iyalin. Mai karatu yana ɗauke da wannan a zuciya tun daga shafukan farko, sai ga shi an kawo shi ƙofar wani gida a ƙasar sanyi, inda tsoho yake tarbar ɗan da aka riga aka yi makokinsa, gama a 1854 labari ya bazu a Turai cewa Barth ya mutu a hanya. Yaron da ke tsaye a gefe ba shi da gidan da zai koma a yi masa irin wannan tarba. Har wa yau, garin nan shi ne mahaifar Overweg, mutumin da ya 'yanta shi, wanda kabarinsa yake can bakin Chadi. Ƙarfin wurin daga jerin al'amuran yake fitowa, ba daga wata kalma ta kuka ba, don Dorugu ba mai zuba abin da ke ransa ba ne. Jimlolinsa gajeru ne, aiki yana bin aiki, kamar yadda mai tatsuniya yake jera su. Wasu za su kira wannan kunya ko kara, wasu su ce ƙuruciya ce. Ni dai na fi karkata ga cewa salon baka ne, wanda yake barin mai sauraro ya cika sauran da kansa.

Amma kada yabo ya rufe mana ido. Labarin shibta ce, ba rubutun mai shi ba, kuma wanda ya riƙe alƙalamin yana da tasa bukata. Schön ya shiga tafiyar Kwara ta 1841, ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, abin da yake nema a bakin yaron shi ne jimloli, domin nazarin harshe da aikin mishan. Shi kansa kuma Bajamushe ne. Yaro ɗan shekara 16 da ke ci da sha a gidan mutum, yana ba shi labarin ƙasarsa ta haihuwa, ba zai saki baki yadda zai yi a zauren Zinder ba. Ƙari ga haka, zaman yaran a gidan Schön ya jawo saɓani tsakaninsa da Barth, wanda ya riga ya shirya mayar da su gida. Duk abin da aka faɗa game da Abdulkarim da danginsa a cikin wannan hali aka faɗe shi, kuma dole mai sharhi ya riƙa tunawa. Sa'an nan mai kallon shi ma abin kallo ne. Barth ya sa hoton yaran biyu a littafinsa, kuma a wannan gari na Hamburg ne, bayan shekara 20, Carl Hagenbeck ya fara baje mutanen wasu ƙasashe ana biya a kalle su, Samawan arewacin Turai a 1875, mutanen Sudan a 1876. Wanda ake bi da ido a titi ba ya samun sukunin tsayawa ya ƙare wa gini kallo.

In aka gwada shi da marubutan da suka biyo baya, bambancin a fili yake. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ƙungiyar editocin Afirka ta Yamma, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano kuma ya fitar da Motsi Ya Fi Zama a 1955. Sunayen littattafan kansu sun nuna darasi ake so a koyar. Su da alƙalaminsu suka rubuta, sun san masu karatunsu, sun fi Dorugu gwaninta nesa ba kusa ba. Sai dai baƙin hukuma da na makaranta akan tsara musu abin da za su gani, shi kuwa ta ƙofar gida ya shiga Turai, a matsayin yaron gida.

Wannan ya shafi aikin malaman kwalejojin horon malamai kai tsaye. Insha'in nan da ake ba ɗalibai kullum, na yadda suka yi hutu, in ɗalibi ya je wajen kawunsa a Jidda ko Kwatano ko Bur Sudan, yawanci jerin wurare yake kawowa, teku da gada da manyan jirage, kawun kuwa da gidansa su sami layi ɗaya. Ana iya sa wa ɗalibai sashen liyafar nan kusa da nasu rubutun, a tambaye su wanne ne ya fi sa mutum ya ji ya shiga garin. Cikas ɗin shi ne rubutun Schön bai bambanta ɓ da b, ko ɗ da d, ko ƙ da k ba, kuma Hausar ta Damagaram ce ta yaron da ya daɗe cikin Barebari da Larabawa, saboda haka sai malami ya zauna ya mayar da sashen cikin daidaitacciyar ƙa'ida kafin ya kai aji. Fassarar Ingilishi da A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar a 1971 tana da bayanai masu taimako a kan sunayen wurare da mutane, ga wanda zai yi wannan aiki. Shi Dorugu ya komo Afirka a 1864, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a can kuma ya rasu a 1912.