Jinjina ga masu awon jini kafin kemo

Da wuya a ji mai ciwon daji yana gode wa ma'aikaciyar da ta ɗaure masa hannu, ta laluba jijiya, ta cika 'yar kwalba da jininsa. Hankalinsa yana kan ƙarin ruwan kemo. Ni kuwa ita nake yi wa jinjina, ita da abokan aikinta na ɗakin gwaje-gwaje.

Ga dalili: ƙwayar ciwon hanta nau'in B takan kwanta lamo a jikin mutum shekara da shekaru, har ya ɗauka lafiyarsa ƙalau. Kemo na karya garkuwar jiki sai ƙwayar ta farka, ta hayayyafa, ido ya yi ɗorawa, wani lokaci hanta ta gaza. Maganin rituximab ya fi ƙaurin suna a nan, shi ya sa a 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta ɗora masa gargaɗi mafi tsanani. A Najeriya kuwa, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar.

Waɗannan bayin Allah masu awon jini ba sa tsayawa a kan gwajin HBsAg kaɗai, suna yin na anti-HBc don gano tsohon kamu. Sakamakonsu ne yake sa likita ya fara ba da maganin ƙwayar, entecavir ko tenofovir, tun kafin allurar kemo ta farko.