CIWON SHEKARU, TALLAFIN WATANNI

Yau ƙorafina a kan masu kawo mana tallafin kula da masu taɓin hankali ne, irin tallafin nan na wata shida ko shekara guda, wanda da zarar wa'adinsa ya cika sai a naɗe tabarma a bar mu da jangwam.

Ni ban ce ba su da kyakkyawar niyya ba, Allah ya saka musu. To amma fa ciwon ƙwaƙwalwa ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Wani sai ya shekara yana shan ƙwaya, wani kuwa har iyakar rayuwarsa, kuma likitoci sun sha faɗa cewa yanke maganin farat ɗaya shi ke dawo da ciwo ɗanye.

Ki duba yadda abin yake. Ƙungiya za ta sauka ƙauye da mota, a tara mata a ƙofar gidan dagaci, a koya wa 'yan sa-kai yadda ake gane mai ciwon damuwa da mai jegon da hankalinta ya gushe, a raba magani kyauta. Baiwar Allah ta fara barci, ta fara shayar da ɗanta, har miji ya janye maganar saki. Kwatsam sai kuɗi ya ƙare. 'Yan sa-kai su watse don babu alawus, magani ya koma na saye. Wadda ke can cikin Gwiwa ko Roni ko Babura sai ta nemo kuɗin mota biyu, nata da na mai rakiya, kafin ta isa asibitin masu taɓin hankali na Kazaure. In ta rasa fa? Sai dangi su ce ai da ma iska ce, a ɗauko mari.

Marin nan kuwa mun ga ƙarshensa. A watan Satumba 2019 'yan sanda sun fito da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, 'yan makonni bayan haka aka bankaɗo irinsa nan maƙwabtanmu Daura.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ayyukan lafiya da dama a ƙasashenmu suka tsaya cik. Alhali tun 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, Najeriya ta tsara cewa a riƙa duba lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙananan asibitocin karkara. A farkon 2023 kuma aka sami sabuwar doka da ta maye gurbin ta 1958, har ta tanadi asusu na musamman don wannan aiki. Ashe kenan nauyin na gwamnati ne, baƙo ɗan taimako kawai ya kamata ya yi.

Don haka 'yar uwa, duk ranar da masu tallafi suka zo garinku, kar kunya ta hana ki tambaya: in kun tafi wa zai ci gaba da ba mu magani? Wane ma'aikaci kuka koya wa aikin a asibitin garinmu? Wadda kuma ke da mara lafiya a ɗaki, don Allah kar ki bari a yanke masa magani sai da izinin likita.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya bar mu da hankalinmu, amin.