Farautar Makasa da Fatar Baki: Sharhi a Kan Zangon Farko na Wasan Talabijin Mindhunter

Abin da ya jawo wannan sharhi shi ne wata gardama da ta kaure tsakanina da waɗansu ɗalibaina masu neman digiri na biyu, bayan da muka ƙare kallon wannan wasa a zauren gidana da ke Tudun Wadar Zariya. Ɗaya daga cikinsu ya dage a kan cewa ba wasan 'yan sanda ba ne sam, tun da in ban da fitowar farko, inda wani mutum ya harbe kansa, ba a harbe-harbe, ba a kuma tseren motoci. Abin da ake yi kawai, in ji shi, zama da surutu. Na yarda da rabin maganarsa. Surutun kuwa shi ne wasan, shi ne kuma ya sa na ga ya cancanci a kawo shi cikin mujallar harshe da al'adu.

Kamfanin Netflix ne ya fitar da zangon farko a watan Oktoba na 2017, kashi 10. Joe Penhall ya tsara shi, David Fincher ya ba da umarni a kashi biyun farko da biyun ƙarshe. An gina shi a kan littafin da John Douglas da Mark Olshaker suka buga a 1995. Labarin ya faro ne daga 1977, lokacin da jami'ai biyu na hukumar binciken manyan laifuffuka ta Amurka, wato FBI, Holden Ford da Bill Tench, suka soma zagaya gidajen yari suna hira da mutanen da suka yi kisan gilla, da nufin gane yadda tunaninsu yake, don a kama irinsu da ke waje. Daga baya wata malamar jami'a, Wendy Carr, ta shigo ta sa wa aikin ƙa'ida. Taurarin nan uku ƙagaggu ne, amma an ɗauko siffarsu daga mutane na gaskiya: Douglas da Robert Ressler da Ann Burgess. Makasan da ake hira da su kuwa da sunayensu na ainihi suka fito.

Jigo da warwararsa

A ganina babban jigon wannan zango shi ne raɗa suna. Jami'an suna fuskantar wani abu da ba su da kalmar kiransa, abin da ba shi da suna kuwa ba a iya koyar da shi, ba a iya nema masa kuɗin bincike. Mai kallo yana ganin yadda suka yi ta lalube, suka gwada wani laƙabi suka yar, kafin su tsaya a kan wanda ya zauna a Ingilishi har yau. A nan ya kamata mu tambayi kanmu abin da Hausa za ta ce. Muna da "makashi", wanda ɗafa-goshin ma- ya nuna mai aikatawa, sau da yawa ma wanda aikin ya zame wa ɗabi'a. Muna da ninkin aikatau, "ya karkashe", wanda ya nuna yawa. To, amma ninkin bai bambanta wanda ya hallaka mutum takwas a dare ɗaya, kamar yadda Richard Speck ya yi wa ɗalibai masu koyon aikin jinya a Shikago a 1966, da wanda yake kisa ya huta wata da watanni ya sake ba. Wannan hutu na tsakani shi ne ƙashin bayan ma'anar. Abin da ya fi kusa shi ne "mai kisan ɗauki-ɗaiɗai", ko da yake 'yan jarida sun riga sun ja wannan furuci wajen kisan siyasa. Na bar wa masana ƙirar kalma su ƙarasa.

Inda wasan ya fi ƙarfi shi ne zaman da ake yi da Edmund Kemper, wanda Cameron Britton ya fito a madadinsa. Kemper ya kashe kakanninsa biyu a 1964 yana da shekara 15, aka sake shi, sa'an nan tsakanin 1972 da 1973 ya kashe 'yan mata shida, da mahaifiyarsa, da ƙawarta, daga ƙarshe ya buga waya ya miƙa kansa. Ƙato ne na gaske, amma ba girman jikinsa ne ke tayar wa mai kallo da hankali ba. Ladabinsa ne. Yana maraba da baƙo, yana tambayar ko a kawo masa abin taɓawa, yana zaɓen kalmomi kamar malamin da ke bayanin sana'arsa, ba ya ɗaga murya, kuma abin da yake bayyanawa da wannan tattausan lafazi abu ne da baki ba ya so ya maimaita. Ke nan an raba salon magana da abin da maganar ta ƙunsa, aka bar mai sauraro a tsakiya. Duk wanda ya tashi cikin al'adar da ke auna mutumci da iya gaisuwa da sanyin murya, kamar tamu, zai ji wannan a jikinsa fiye da Ba'amurke.

Daga nan sai wasan ya juya tambayar. Idan makashi ya ari harshen mutanen kirki, me zai faru in jami'i ya ari harshen makashi? Holden ya gane cewa takardar tambayoyi da aka tsara ba ta buɗe bakin kowa. Sai ya shiga yi musu magana da irin bakinsu. Ya kai wa Jerry Brudos takalmin mata mai tsini don ya san nan lagonsa yake. Da Speck ya ƙi kula su, sai Holden ya furta wata mummunar batsa a kan matan da aka kashe, nan take Speck ya saki baki. Abin da ya biyo baya ya shafi kowane ɗayanmu da ya taɓa ɗaukar rikoda ya fita neman bayanai. Da aka zo mayar da hirar a rubuce, sai aka share wannan jimla, aka nuna kamar ba a ji ta sosai ba. Faifan kuwa yana nan, kuma shi ne ya kai su gaban masu ladabtarwa. Sau nawa muka naɗo kirarin 'yan tauri ko zancen 'yan bori, muka zo rubuta kundi muka goge abin da muke jin kunya, muka kuma goge tambayar da mu da kanmu muka yi wadda ta jawo amsar? Na san na yi, kuma ban rubuta a ko'ina cewa na yi ba.

Akwai kuma abin da ya tuna mini da Gambu mai waƙar ɓarayi. An daɗe ana gardama ko mai ba ɓarawo murya yana tona asirinsa ne ko yana zuga shi. Wasan bai kuɓuta daga wannan zargi ba. Makasan su ke da dogayen jawabai, su ke da barkwanci, su ake tunawa bayan an kashe talabijin. Matan da aka kashe kuwa hotuna ne a cikin fayil, ana jujjuya su a kan tebur. An yaba wa Fincher da ya ƙi nuna kisan ƙuru-ƙuru, ni ma na yaba, amma ɓoye kisan ya haɗa da ɓoye wadda aka kashe.

Inda na fi samun matsala shi ne batun dalili. A cikin Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta, aka buga nan Zariya a tsakiyar shekarun 1930, Kyauta ya lalace ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa bai sani ba, domin Abubakar ya nemo asirin da zai rama ƙwace masa Zainabu da Malam Shehu ya yi. Wato ɓarnar daga waje aka jefo ta. A Mindhunter daga ciki take, daga ƙuruciya, kuma kusan kullum yatsa yana nuna uwa: ta wulaƙanta shi, ta kulle shi, ta hana shi sakewa. Bayanan biyu sun yi nisa da juna a zahiri, amma aikinsu ɗaya, suna rage wa mai laifi nauyin abin da hannunsa ya aikata. Marubutan Jiki Magayi dai labari suka ce suna bayarwa. Shi kuwa wannan wasa rigar kimiyya ya sa, alhali shaidar da ake da ita a kan uwar daga bakin ɗan da ya kashe ta ta fito. Wendy takan yi gargaɗi cewa mutanen nan gwanayen juya mai sauraro ne, sai dai gargaɗin jimla ɗaya ne a gefen jawabin minti goma.

Ta fuskar zubi da tsari, zangon yana da rauni a wurare biyu. Kashin farko cike yake da lacca, taurari suna gaya wa juna abin da marubuci yake so mai kallo ya sani. Budurwar Holden kuma, Debbie, an ajiye ta ne don ta riƙa ambaton ra'ayoyin masana zamantakewa, ba ta da wata rayuwa tata. Amma labarin shugaban makarantar firamaren nan mai yi wa yara cakulkuli a tafin ƙafa yana ba su 'yan kwabbai ya biya bashin. Mutumin bai karya doka ba. Holden ya auna shi da ma'aunin da ya samo a gidan yari, ya faɗi ra'ayinsa, mutumin ya rasa aikinsa, kuma har zangon ya ƙare ba a gaya mana ko an zalunce shi ko an tsare yara ba ne. Ɗalibaina sun rabu biyu a kan wannan, ban kuwa yi ƙoƙarin sasanta su ba.

Sauran abu ɗaya shi ne ko dabarar tana kama kowa. Rabon da jami'an suka yi wa makasa gida biyu, masu tsari da marasa tsari, ya samo asali ne daga hira da fursunoni 36 kacal, kuma a 2004 David Canter da abokan aikinsa suka gwada shi a kan kashe-kashe 100 ba su ga ya tsaya da ƙafarsa ba. Wasan da kansa ya ɗan yi ishara da haka ta hanyar 'yan gajerun fitowa da yake buɗe kashi da su, inda ake nuna wani ma'aikacin kamfanin ƙararrawar tsaro a jihar Kansas yana harkokinsa shiru. Dennis Rader ke nan, wanda ya kashe mutum 10 tsakanin 1974 da 1991. Ba a kama shi ba sai a 2005, kuma abin da ya tona shi wani faifan kwamfuta ne da ya aika da kansa, wanda ya ɗauke da sunansa na farko da na cocinsa. Haka a nan gida, Gracious David-West, mai shaƙe mata a otal-otal na Fatakwal, hoton kyamarar tsaro ne ya fallasa fuskarsa a 2019, aka yanke masa hukuncin kisa a 2020.

Tun da wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina suka samu karɓuwa, ba zai daɗe ba wani zai gwada irin wannan da Hausa, ko kuma masu fassarar fina-finai su ɗora masa murya. Don haka na ba ɗaliban aikin fassara zaman Speck. Su biyar ne. Huɗu sun sakaya jimlar Holden da "ya yi masa wata magana", ɗaya ya fassara ta yadda take, ya kawo mini a rufe cikin ambulan, ya roƙi kada a karanta a aji.